Kai wa aboki ziyara a ƙasar waje: tambayoyin da matasa suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin matasa masu shirin tafiyarsu ta farko, musamman waɗanda aboki ya ce musu "ka zo ka ga inda nake". Na yi magana da "ka" ne don sauƙi, amma har da 'yan mata nake.

Abokina ya ce in zo. Daga ina zan fara?

Ka fara da magana da shi, kafin tikiti da kafin biza. "Ka zo duk lokacin da ka so" kalmar karamci ce, ba ta gaya maka komai game da halin da yake ciki ba. Ka tambaye shi wane wata ne ya fi masa sauƙi, ko yana da jarrabawa a gaba, ko zai samu hutu a wurin aiki, da su wa yake zaune, kuma a ina za ka kwanta. Ku tsayar da ranar zuwa da ranar komawa, a rubuce ko da a saƙon waya ne. Duk sauran shirin a kan waɗannan ranaku biyu zai ginu.

Daga nan ka ɗauko fasfonka ka duba, sannan ka shiga shafin ofishin jakadancin ƙasar da kanka ka karanta sharuɗɗansu. Abin da wani ya tarar bara ba lallai ya zama shi ne bana ba.

Saura wata huɗu fasfona ya ƙare. Ya isa?

Ga ƙasashe da yawa bai isa ba, domin suna neman ya kasance da sauran wata shida. Yankin Shengen, wato rukunin ƙasashen Turai da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu suke amfani da biza ɗaya, yana neman sauran wata uku bayan ranar da ka yi niyyar fita, an kuma buga fasfon cikin shekara goma da suka wuce, ga shafi biyu da babu komai a kansu idan biza za ka nema. Kamfanin jirgi ne zai fara tare ka tun a wurin auna kaya, saboda shi ake ci tara idan ya kai wanda takardunsa ba su cika ba. Ka sabunta shi kafin ka nemi biza.

Takardar gayyata daga abokina ta isa a ba ni biza?

Ba ta isa ba. Tana nuna inda za ka sauka ne kawai da dalilin zuwanka, kuma darajarta ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Faransa, mai masaukinka zai je ofishin magajin garin da yake zaune ya nemo takardar shaidar masauki, ya nuna cewa yana da wurin da zai ajiye ka. A Jamus akwai takardar ɗaukar alhaki da ake sa wa hannu a gaban hukuma, wadda mai masauki yake yarda cewa duk abin da hukuma ta kashe a kanka, har kuɗin asibiti da na mayar da kai gida idan ta kai ga haka, a wuyansa yake. Amurka kuwa ba ta sa takardar gayyata cikin sharuɗɗan bizar ziyara ba, kai ake aunawa.

Ina so ka tsaya a kan misalin Jamus ɗin nan. Wanda ya sa maka hannu ya jingina sunansa da aljihunsa a kan alkawarinka. Sau da yawa ɗalibi ne ko sabon ma'aikaci wanda shi ma zamansa a ƙasar yana rataye da takarda. Idan ya ce ba zai iya sa hannu ba, kada ka ɗauka rowa ce. Ka nemi bizar da bayanan asusunka, ko na wanda zai ɗauki nauyinka a gida.

Me ya sa ake yawan hana matasa biza?

Saboda tambaya ɗaya ce a ran jami'in: wannan zai koma kuwa? Dokar shige da ficen Amurka ta faɗe shi ɓaro-ɓaro a sashe na 214(b): duk mai neman bizar ziyara ana ɗaukarsa mai niyyar zama ne har sai ya gamsar da jami'i cewa ba haka ba ne. Sauran ƙasashe ma da wannan ma'aunin suke aiki ko da ba su rubuta shi haka ba. Matashi marar iyali, marar kadara, wanda bai daɗe da fara aiki ba, yana da ƙarancin abin da zai nuna, kuma wannan ba laifinsa ba ne.

Abin da ke hannunka shi ne ka nuna abin da ke jiranka a gida: takardar makaranta mai ɗauke da ranar komawa karatu, takardar hutu daga wurin aiki, rajistar sana'arka. Bayanan asusun banki su dace da rayuwarka ta gaskiya. Kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu sati ɗaya kafin neman biza yana jawo zargi, bai kawar da shi ba. Kada kuma ka bari wani dillali ya haɗa maka takardar bogi. Hana biza saboda rashin gamsuwa abu ne da ake gyarawa a sake nema, amma kama mutum da ƙarya yana iya rufe masa ƙofa shekara goma a Birtaniya, a Amurka kuwa har iya rayuwa.

Mene ne yankin Shengen, kuma yaya ake ƙirga kwana 90 cikin 180?

Sunan ya samo asali daga wani ƙauye a Luksambag inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985, aka fara aiki da ita a 1995. Yanzu ƙasashe 29 ne a ciki, har da waɗanda ba sa Tarayyar Turai kamar Suwizalan da Norwe. Birtaniya da Ailan ba sa ciki, don haka bizar Shengen ba ta kai ka Landan ko Dablin. Idan kana da abokai a ƙasashe biyu ko uku na yankin, za ka nemi biza a ofishin ƙasar da za ka fi daɗewa, idan kwanakin daidai suke sai ta ƙasar da za ka fara shiga. Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci har 45.

Ƙirgen kuwa haka yake: a kowace rana da kake cikin yankin, a waiwaya baya kwana 180, kwanakinka a ciki kada su wuce 90. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Wanda ya shiga 1 ga Maris ya zauna bai fita ba, dole ya fita 29 ga Mayu, kuma ba zai sake shiga ba sai 28 ga Agusta. Tsallakawa daga Jamus zuwa Italiya ba ya sabunta ƙirgen. Wani abu da ke rikita mutane: a jikin bizar akwai wa'adin aikinta, akwai kuma adadin kwanakin zama. Biza tana iya aiki wata uku amma kwana 20 kacal aka ba ka, kuma wannan adadin ne ya ɗaure ka.

Biza ta fito. Me kuma za a tambaye ni a bakin iyaka?

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, jami'in shige da fice ne yake da ikon buɗewa. Zai tambaye ka wurin wa ka zo, a ina yake zaune, me yake yi, kwana nawa za ka yi, da me za ka ciyar da kanka. Ka riƙe cikakken adireshin abokinka da lambarsa a takarda, saboda waya tana mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta. Tikitin komawa da takardar inshora su kasance a jakar hannunka. Ka gaya wa abokinka lokacin saukarka ya zauna kusa da wayarsa, ana iya kiransa, kuma abin da zai faɗa ya zo daidai da naka. Hanya mafi sauƙi ta samun haka ita ce ku duka ku faɗi gaskiya. Ka amsa abin da aka tambaye ka a taƙaice, idan ba ka gane ba ka ce a maimaita.

Jirgina zai ya da zango a wata ƙasa. Sai na nemi bizarta?

Ya danganta da fasfonka da kuma ƙasar. A Amurka babu zama a ɗakin jira ba tare da an wuce jami'an shige da fice ba, ko da sa'a biyu za ka yi. A yankin Shengen, idan za ka sauka a filaye biyu kafin ka fita, jirgin da ke tsakaninsu na cikin gida ne, ka shiga yankin ke nan. Haka kuma idan ka sayi tikiti biyu daban-daban don neman sauƙi, wataƙila sai ka fita ka karɓi akwatinka ka sake miƙa shi, wannan fitar tana bukatar izinin shiga, kuma idan jirgin farko ya makara na biyu ba ruwansa da kai.

Kwana nawa ya kamata in yi a wurinsa?

Ƙasa da abin da ya ce. Na san wannan yana da zafi ga wanda ya tara kuɗin tikiti wata da watanni, yana ganin sati ɗaya asara ce. Amma baƙo raɓa ne. Ka tuna yadda mafi yawan matasa suke zaune a manyan birane: ɗaki ɗaya a gidan da ake raba kicin da banɗaki da mutum uku ko huɗu, da yarjejeniyar haya wadda wani lokaci ta ƙayyade kwanakin da baƙo zai yi. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun fi tsanani. Abokinka ba zai gaya maka cewa abokan zamansa sun fara gunaguni ba, zai haɗiye ne saboda kunya, kai kuma ka ga fuskarsa ta canja ka rasa dalili.

A ganina kwana huɗu zuwa sati ɗaya a ɗakin mutum ya wadatar. Idan tafiyar ta fi haka, ka raba ta: ka yi 'yan kwanaki a wurinsa, ka tafi wani gari ko ka kama masauki mai araha, ka dawo ku yi kwana biyun ƙarshe tare. Kuma kada ka ɗauka hutunka hutunsa ne. Zai tashi da sassafe ya tafi aiki ko aji, ya dawo a gajiye. Ka koyi hawa jirgin ƙasa da bas tun rana ta biyu, ka fita ka ga gari da ƙafarka, da yamma ka zo masa da labari. Baƙon da ke zaune a ɗaki yana jiran a dawo a fita da shi ya fi kowa nauyi, ko da bai ce uffan ba.

Sai ƙananan abubuwa: ka naɗe shimfiɗarka, ka wanke abin da ka ci a ciki, ka tambayi yadda ake zubar da shara, ka gaida abokan zamansa da sunayensu, kada ka kawo wani gidan ba da izininsa ba.

Wa ke biyan me? Ina jin nauyin tambaya.

Shi ma yana jin nauyin faɗa, shi ya sa kai ya kamata ka fara. Mutane da yawa suna ɗauka duk wanda ke ƙasar waje yana cikin daula, alhali haya da kuɗin mota sun cinye rabin abin da yake samu. Ya ba ka wurin kwana, wannan ita ce babbar kyautar. Kuɗin zirga-zirgarka, da na shiga wuraren kallo, da layin waya, naka ne. Ka yi cefane ko sau ɗaya, ka fitar da shi cin abinci kafin ka tafi. Idan aljihunka bai da nauyi, ka faɗa tun kana gida: "Ga abin da zan iya kashewa a rana." Aboki na gaske zai tsara muku fita daidai da haka, kuma zai ji daɗi da ka sauƙaƙa masa.

Tsabar kuɗi zan riƙe ko kati?

Duka biyun, kuma ba a wuri ɗaya ba. Ka tabbatar katinka yana aiki a waje kafin ka tashi. Idan na'ura ta tambaye ka da wane kuɗi za a cire, ka zaɓi na ƙasar da kake ciki, domin canjin da na'urar take yi da kanta ya fi tsada. Mai shiga ko fita daga Tarayyar Turai da tsabar Yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan, a Amurka kuma abin da ya haura Dala 10,000. Riƙe kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifi. Ka ware abin da zai kama maka ɗaki na kwana uku ka manta da shi, za ka ga amfaninsa a amsar da ta shafi saɓani.

Ni matashi ne, lafiyata ƙalau. Inshora dole ce?

Ga bizar Shengen dole ce, mai ɗaukar aƙalla Yuro 30,000, ta haɗa da jinyar gaggawa da mayar da majinyaci gida. Inda ba dole ba ma ka saya. Karaya da ciwon ciki na tiyata ba sa duba shekaru, kuma idan ba ka da inshora, abokinka ne zai tsaya a gaban teburin asibiti. Ka karanta abin da ba ta ɗauka, galibi tsohuwar cutar da ba a bayyana ba da wasanni masu haɗari.

Idan za ka fito daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ka ratsa ta, ana iya neman katin rigakafi. Yana fara aiki kwana goma bayan allurar, kuma tun Yulin 2016 ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har iya rayuwa. Maganin da kake sha ka bar shi a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Tiramadol da kodin suna ƙarƙashin tsauraran dokoki a Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Japan kuma ta hana shigar da wasu magungunan mura da ake saya a wasu ƙasashe ba tare da takarda ba.

An ba ni saƙo in kai wa wani. In karɓa?

Sai ka buɗe shi da hannunka ka ga komai, a gaban mai shi. Wanda ya ji haushin haka, ka mayar masa da kayansa. Duk abin da ke cikin akwatinka naka ne a idon doka, "ba ni aka yi" ba ta fitar da kowa, kuma ƙasashe irin su Singafo da Saudiyya suna yanke hukuncin kisa kan safarar miyagun ƙwayoyi. A filin jirgi kada ka riƙe wa baƙuwar fuska komai, ko da tsohuwa ce mai ban tausayi. Tsaraba mai tsabta ma tana da ƙa'ida: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigar da nama da kayan madara daga waje.

Me zan sa a jakar hannu, kuma idan akwatina bai fito ba fa?

Takardu, magani, caja, da kayan sawa na kwana ɗaya. Batirin ajiyar caji a jakar hannu kawai ake yarda da shi. Abu mai ruwa kada mazubinsa ya wuce mililita 100 a mafi yawan filaye, ƙa'idar da ta fara a 2006. Ka duba irin soket ɗin ƙasar, na Birtaniya daban, na Jamus daban, na Amurka daban.

Idan akwati bai fito ba, kada ka bar wurin ɗaukar kaya sai ka cike takardar rahoto ka karɓi lambarta. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 kan sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe, akwatin da ya kwana 21 bai zo ba ana ɗaukarsa ya ɓata, wanda ya zo a lalace kuma kana da kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce. Ka adana rasit na abin da ka saya don lalura.

Ta intanet muka san juna, ban taɓa ganinsa ido da ido ba. In je?

Abota ta gaskiya tana ƙulluwa ta wannan hanyar, amma masu safarar mutane ma ita suke bi. Ku yi magana ta bidiyo sau da yawa. Ka kama masaukinka da kanka a zuwan farko, ku haɗu a bainar jama'a da rana. Tikitin komawa ya kasance a hannunka, da sunanka, kai ka saya. Ki kula sosai, 'yar'uwa, idan ya nace shi zai biya komai, ko ya ce kada ki gaya wa kowa, ko ya haɗa gayyatar da alkawarin aiki. Fasfo kuwa ba a ba kowa ajiya, komai daɗin bakinsa.

Iyayena ba su natsu da tafiyar ba.

Tsoronsu na abin da ba su gani ba ne, sai ka nuna musu. Ka ba su adireshi, lambar abokinka, lambar jirgi da hoton fasfonka. Ka haɗa su da shi a waya su ji muryarsa. Ku tsayar da lokacin da za ka riƙa kira, ka kuma cika. Ko da kai ka biya kuɗinka, tafiya da albarkarsu ta fi daɗi.

Na iso, amma abokina ba kamar yadda na san shi ba. Idan muka saɓa fa?

Shekara biyu ko uku a wata ƙasa suna canja mutum, kai ma ka canja. Yana da sababbin abokai, yana magana da harshen da ba ka ji, yana duba agogo. Wasu kuma za ka tarar suna cikin kaɗaici da ƙunci da ba su taɓa nunawa a hoto ba. Ka ba kwana biyun farko uzuri, gajiyar hanya da bambancin sa'o'i suna sa ƙaramin abu ya yi girma. Ka yi tambaya fiye da yadda kake yanke hukunci, kuma abin da ka gani na sirrinsa kada ya zama labarin da za ka kai gida.

Idan zama ya ƙi daɗi, ka ɗauki kuɗin nan da ka ware ka koma masauki cikin mutunci, ka gode masa, ku haɗu a waje. Na ga abotar da ta tsira saboda an rabu da ɗaki kwana uku kafin a kai ga faɗin maganar da ba ta janyuwa.

Fasfona ya ɓata, ko 'yan sanda sun tsare ni. Wa zan kira?

Lambar gaggawa 112 ce a duk Tarayyar Turai, 999 a Birtaniya, 911 a Amurka da Kanada. Idan fasfo ne, ka kai rahoto ga 'yan sanda, ka ɗauki takardarsu da hoton fasfon zuwa ofishin jakadancin ƙasarku, za su iya ba ka takardar tafiya ta gaggawa ta komawa gida. Idan tsare ka aka yi, sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyana ta 1963 kan ayyukan ofisoshin jakadanci ya ba ka haƙƙin a sanar da ofishin jakadancinku idan ka nema. Ba za su iya fitar da kai ba, amma za su iya ziyartarka su taimaka wajen samun lauya. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba, ka nemi tafinta.

Garin ya yi mini. Zan iya ɗan taɓa aiki, ko in ƙara kwanaki?

Bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, ko da na 'yan sa'o'i ne a shagon wani sananne. Ƙarin kwanaki kuma a yankin Shengen sai da dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiya ko soke jirage, kuma a nema kafin wa'adi ya cika. A Amurka wuce wa'adi ko da kwana ɗaya yana soke bizar, wanda ya wuce da fiye da kwana 180 za a hana shi dawowa shekara uku, wanda ya kai shekara ɗaya kuma shekara goma.

Akwai kuma wanda ya gayyace ka. Sunansa yana cikin takardunka, kamar yadda aka faɗa a amsar takardar gayyata. Idan ka ɓace, shi za a nema, kuma ranar da zai gayyaci mahaifiyarsa ko ƙanwarsa ana iya tuna masa da kai. Idan karatu ko aiki kake so a can, ka yi amfani da ziyarar ka leƙa makarantu ka yi tambayoyi, ka koma ranar da ka ce, ka nemi bizar da ta dace daga gida.